Kujerar Baba Fulogi

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Baba Fulogi ya san abu guda: in ya zage ka, ka gode wa Allah.

Garejin yana ƙarshen layi, bayan shagon mai walda, a gindin wata bishiya da ta sha baƙin mai har ganyenta ya fara ƙyalli. Sunan kuwa tun yana saurayi ya same shi, lokacin da duk motar da aka turo masa, kafin ma ya ɗaga murfin inji, sai ya ce, "Fulogi ne." Ko taya ce ta sace, fulogi ne. Daga baya hannunsa ya faɗa, ya zama bakaniken da ake tsallako unguwanni ana nema, gemu ya yi fari, amma sunan ya riga ya shige masa kamar giris a ƙarƙashin farce.

In ka shigo da motarka tana tari, sai ya karkata kai ya saurara, sannan ya daka maka tsawa. "Yaushe rabonka da ka canja mata mai? Kai ko jaki aka ba ka sai ka ga bayansa! Matsa can, kana tare min haske!" Kana tsaye a rana, shi yana kwance a ƙarƙashin mota yana faɗa da kai da wanda ya koya maka tuƙi da wanda ya sayar maka da ita. Kafin la'asar motarka ta tashi, ka tafi gida kunnenka na zafi, zuciyarka fari ƙal.

Amma in ya saurari inji ya yi shiru, ya goge hannu a tsumma a hankali, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, ya iyali?" to, ka fara salati. Zai shiga ɗakin ajiya ya fito da wata farar kujerar roba mai matashi, ya kakkaɓe ta, ya ajiye maka a inuwa. Da ƙafarsa zai je ya sayo maka lemo mai sanyi. "Zauna mana, ai ba a magana a tsaye. Ka bar ta a nan, ka dawo jibi." Jibi ya ce kayan suna hanya. Wani jibin ma suna hanya. Ba mugunta ba ce. Baba Fulogi yana iya zagin ƙato ya tashi daga kai har tafin ƙafa, amma bakinsa bai taɓa iya ce wa mutum injinka ya buga, babu gyara ba. Sai ya yi ta ba ka lemo har ka gane da kanka.

Mai Faci, wanda ke kasa tayoyinsa a ɗaya gefen bishiyar tun suna da baƙin gashi, shi ya raɗa mata suna kujerar ta'aziyya. An taɓa yin wani direban tasi da ya ga an fito da ita ya fashe da kuka, alhali Baba takawa kawai zai yi ya canja ƙwan lantarki.

A gida ma haka tsarin yake, sai dai can shi ne motar. Matarsa ta fara yi masa faɗa tun ba su gama kwance kayan aure ba, kuma ba ta taɓa zuwa hutu ba. Faɗan baƙin mai a tawul, faɗan noti da ƙusa a aljihun wando ranar wanki, sai babban faɗa, na shayi, don Baba yana zuba sukari ne har sai cokali ya kusa tsayawa da kansa. "Kai wannan bawan Allah," haka take kiran sa, "shayi kake sha ko siminti kake kwaɓawa?" Shi kuwa ya kurɓa ya lumshe ido. A wurinsa wannan faɗan sabis ne. Matar da ke yi maka faɗa ba ta fid da rai da kai ba.

Wata ranar zafi ya fito daga ƙarƙashin wata bas, ya miƙe, sai ya ga bishiya ta zagaya, shagon mai walda ya bi ta. Ya zauna daɓas a kan taya.

"Tsoho, lafiya?" in ji Mai Faci. "Ko fulogi ne?"

"Naka ne fulogi," Baba ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfinta ba.

Labari ya riga shi isa gida. Autarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare kuma take yi wa kowa magana kamar ɗan ajinta, ta sa shi gaba washegari sai asibitin unguwa. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, da ƙyar ta girmi Auta. Ta ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ta karkata kai. Baba ya san wannan karkata kan, nasa ne. Ta yi shiru, ta ce a ɗibi jini.

Nas ta ɗiba. Baba ya leƙa 'yar kwalbar da idon sana'a.

"Bai yi baƙi ba," ya ce. "Bai isa canji ba."

Nas ta yi dariya ta ce ya dawo jibi.

Ranar da ya koma shi kaɗai ya je, da tsumman goge hannu a aljihu, don yana ganin aikin minti kaɗan ne. Nas na hango shi ta saki murmushi.

"A'a, Baba! Sannu da zuwa. Ya gida? Ya ƙarfin jiki?"

Baba ya ja ya tsaya. Ta shiga wani ɗaki ta fito da kujera. Farar kujerar roba. Har da kakkaɓewa.

"Zauna, Baba."

"A'a, 'yata, na fi son tsayuwa."

"Haba Baba, babba da kai a tsaye? Zauna in kawo maka ruwa mai sanyi."

Ya zauna a bakin-bakin kujerar kamar mai tsoron ta cije shi. Ruwan ya zo, sanyi ƙarara. Nas ta rage murya ta ce sakamakon bai fito ba tukuna, ya ƙara haƙuri, ya dawo jibi.

Baba ya ce, "Yana hanya?"

"Yana hanya, Baba."

Bai san yadda ya iso gida ba. A hanya har wani mai babur ya kusa taka shi, ya ce masa, "Yi haƙuri, Baba," maimakon ya zage shi, abin da ya ƙara tabbatar masa da cewa ana gani a fuskarsa.

Abin da bai sani ba shi ne Auta ta riga ta zaunar da uwarta ta yi mata darasi. "Umma, har sakamakon nan ya fito, ban da faɗa. Faɗa yana hawar da jini. Ko me ya yi, ki haɗiye." Daga nan ta biya gareji ta yi wa Mai Faci irin wannan darasin, har da ɗaga yatsa.

Baba ya shigo tsakar gida yana neman wanda zai ƙaryata nas. Ya hango farin tawul a kan igiya, wanda ake ajiye wa baƙi. Ya ciro tsummansa, ya fasa, ya kama tawul ɗin ya goge hannu, yatsa bayan yatsa. Ya tsaya yana jira.

Matarsa ta fito daga kicin. Ta dubi tawul. Ta buɗe baki, ta rufe. Maƙogwaronta ya yi sama ya yi ƙasa.

"Ba komai, Maigida," ta ce. "Zan wanke."

Maigida! Rabon da ta kira shi haka tun ranar da surukansa suka zo ganin ɗaki. Ya lallaɓa ya shiga ya kwanta. Da yamma ta kawo masa shayi, ta ajiye gwangwanin sukari a gefe, ta kau da kai. Ya zuba cokali, ya ƙara, ya ƙara, yana satar kallon ta. Ba ta ce uffan ba, sai dai gefen zanen da take murɗawa. Ya kurɓa, ya ji shayin ba daɗi. Ashe rabin zaƙin a faɗan yake.

Washegari ya fita gareji da 'yar ragowar fata. Mai Faci dai bai taɓa barin safiya ta wuce bai tsokane shi ba. Baba ya sunkuya zai ɗauki jak, sai ga Mai Faci a guje.

"Bari, Yaya, kawo in ɗaukar maka."

"Wane ne Yaya?"

"Kai mana. Ai ka girme ni."

Shekara da shekaru suna musun wa ya girmi wani, kowa na cewa shi ne yaya, ɗayan kuwa tsufa kawai ya yi. Yau ga shi an sallama masa girman a ruwan sanyi, kamar yadda ake barin wa mai tafiya wurin zama na gaba.

Daga ranar muryar Baba ta mutu. Mutum in yana ganin ya kusa tafiya ba ya son ya bar zagi a baya, sai ya koma gaishe da mutane. Wani malamin makaranta ya turo motarsa, kan batir ne kawai ya kwance, aikin da ko sifana ba ya buƙata. Baba ya saurara, ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Malam, ya yara?" Malamin ya dafe ƙirji, ya koma gefe ya kira matarsa a waya. "Ki yi haƙuri, motar nan ta tafi." Kafin Baba ya ɗaure kan batir ɗin, mutumin har ya fara tambayar mai walda nawa ake sayen ƙarfe. Labari ya bazu cewa duk motar da ta shiga garejin a 'yan kwanakin nan ba ta tsira. Masu motoci suka riƙa wucewa ta bakin layi suna ƙara wuta, motocinsu na tari, su kuma suna kau da kai.

Wayarsa, wadda da take kwana a cikin akwatin sifanu tare da tsofaffin fulogai, yanzu ta koma aljihun gaba, daidai kan zuciya. In ta yi ƙara sai ya zabura ya buga kai da cikin mota. Ya fito yana murza goshi, ya miƙa wa Mai Faci ya karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

"Kamfanin waya ne, Yaya. Sun ce ko kana son waƙa in an kira ka."

Ya koma asibiti. Wannan karon kujerar har da matashi, nas kuma ta juyo masa da fanka. Ya sake komawa, ta ce ta yi ta tunanin sa. Ya dube ta da tausayi irin na abokin sana'a. Yarinyar tana da hannu, ya faɗa a ransa, ta san aikin. Ni ma da haka zan yi. Ya so ya ce mata, 'yata, faɗi kawai, na san kayan ba sa hanya. Amma kamar yadda bakinsa bai taɓa iya faɗin wannan magana ba, haka kunnensa ya ƙi yarda ya nemi jin ta. Ya shanye ruwan ya yi godiya.

A gida ya tarar da matarsa tana shanya. Ya tsaya a bayanta yana kallon yadda take yarfa riga kafin ta rataya, yarfawar da ya sha ji daga ɗaki bai taɓa fitowa ya gani ba. Ga tawul ɗin nan a kan igiya, da sauran inuwar yatsunsa biyar.

"Ki yafe min tawul ɗin nan," ya ce. "Da sauran tawul-tawul na baya."

Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Baba ya ce a ransa, ita ma an gaya mata. Gaskiyar magana, rabin rawar kuka ne, rabin kuma maganganu ne da suka taru suna neman ƙofa.

Da safe ya jawo akwatin sifanunsa, baƙin akwatin ƙarfe da ya gada wurin maigidan da ya koya masa aiki. Babu sifanar da bai san tabonta ba, har da wadda ya lanƙwasa da kansa don ta isa wani noti da ke ɓuya a bayan inji. Ko aro ba ya bayarwa. Ya tura shi gaban Mai Faci.

"Riƙe wannan."

"Haba Yaya! Ni da nake faci, me zan yi da sifana?" in ji Mai Faci, ƙafarsa kuwa ta riga ta fara jan akwatin zuwa bayan tayoyi.

Sannan Baba ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da kujerar ta'aziyya, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a inuwa, ya zauna da kansa. Mai walda ya kashe wutarsa. Mai sayar da lemo, ba tare da an aike shi ba, ya kawo kwalba mai sanyi ya ajiye a gefen ƙafarsa ya koma a hankali. Layin ya yi tsit, sai tsuntsaye.

A kan kujerar wayar ta same shi. Wannan karon ba waƙa ba ce. Nas ce, ta ce sakamako ya fito, likita na son ganin sa.

Ya je gida ya yi wanka, ya sa kayan da yake zuwa ɗaurin aure da su. Matarsa ta yafa mayafi ta bi shi, Auta ta bar 'yan ajinta da aikin rubutu ta tarar da su a can. Asibitin ya cika maƙil, yara na kuka, layi har waje. Nas ta wuce da tire a hannu, ko kallon sa ba ta yi sosai ba.

"Baba, matsa mana, kana tare hanya!"

Wani abu ya motsa a ƙirjin Baba, kamar inji da ya yi tari ɗaya bayan an daɗe ana turi. Ya danne shi, kada ya sa rai.

A ofishin likita kujerar baƙo ɗaya ce, matarsa kuma ta riga ta zube a kai. Baba ya tsaya. Ba wanda ya ce ya zauna. Likitar, wadda da alama ko karin kumallo ba ta samu yi ba, ta dubi takarda, ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne ake cewa kana shan sukari da ɗan shayi a ciki?"

Baba ya dubi Auta. Auta ta dubi silin.

"Yaushe rabonka da ka zo aka duba ka? Kar ma ka faɗa, ba ka taɓa zuwa ba! Mutum da girmansa, ya bar jikinsa haka sai da ya faɗi a kan taya? An ce gyaran mota kake yi. In wani ya riƙe motarsa yadda ka riƙe jikin nan, me za ka ce masa?"

Fuskar Baba ta fara washewa.

"Dariya ma kake yi?"

"A'a, likita. Ci gaba. Ƙara kaɗan."

"Baba, ba wasa nake yi ba!"

"Na sani, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ya matso kusa. "Akwai gyara ke nan?"

"Wa ya ce maka babu? Sukari ne ya fara hawa, jinin ma ya ɗan hau. Ga magani, ka bar sukari, ka riƙa tafiya da ƙafa, ka dawo wata mai zuwa. In ka ƙi ji, ni da kai ne."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba, ya ciro tsumman da ya saka a aljihun kayan ɗaurin auren bisa sabo, ya goge ido, ya bar baƙi a kumatu.

Likitar ta juya za ta sallame su, sai ta tsaya a kan fuskar matar. "Mama, miƙo hannunki." Ta ɗaura mata abin awo, ta matsa, ta duba, ta sake dubawa. "Naki ya fi nasa hawa! Me ke damun ki?"

"Magana ce ta taru, likita."

"To ki riƙa fitar da ita."

A bakin ƙofa Baba ya tare nas. Ya ce shi dai yana son ya san abu ɗaya, me ya riƙe sakamakon nan? Ta ce wallahi kunya ce ta ishe ta duk zuwan da yake yi. Injin gwajin ne ya tsaya tun ranar da aka ɗibi jininsa, sai da suka gaji suka aika wani asibitin.

"Mai gyara ya zo?"

"Ya zo. Mutumin kirki, Baba, ga fara'a. Ya ce kayan suna hanya."

"Ya yi muku faɗa?"

"Faɗa? Har lemo ya saya mana."

Baba ya girgiza kai. "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata."

Ba su kai titi ba matarsa ta fara bin umarnin likita. "Kai wannan bawan Allah! Tawul ɗin baƙi? Tawul ɗin baƙi ka ga dama? Kuma dubi fuskarka, da wannan baƙin ka tsaya gaban likita? Sai an tambaye ni in ce ba ni da miji, tsumma nake aure!" Masu jiran mota suka juyo. Baba yana gaba, hannu a baya, yana tafe yana gyaɗa kai kamar mai sauraron rediyo. Auta ta buɗe baki za ta yi darasi, ta ga ba ajinta ba ne, ta fasa.

Ko kaya bai canja ba ya wuce gareji. Mai Faci na hango tafiyarsa ya san labari ya sauya.

"Ina akwatina?"

Mai Faci ya miƙe da sauri, ya jawo farar kujera, ya kakkaɓe ta. "Sannu da zuwa, Yaya. Ya iyali? Zauna mana, ai ba a magana a tsaye. Wani ƙanena ne ya ɗan ara, amma yana hanya."

Tsawar da Baba ya daka har tsuntsayen bishiyar sai da suka tashi. Ya fara daga Mai Faci, ya bi ta kan ƙanensa, ya sauka a kan duk facin da ya taɓa yi ya buɗe kafin mai mota ya kai gida. Mai Faci yana dariya yana share ƙwalla, ya zura hannu bayan tayoyi ya jawo akwatin, ko noti bai ɓata ba.

"Ungo, tsoho. Dama nauyi ya yi min."

"Kai ne tsoho!"

Mai walda ya kunna wutarsa. Wani direba da ke wucewa ta bakin layi ya ji zagin, ya taka birki, ya yi baya ya shigo, wani ya biyo shi. Kafin azahar Baba ya gaya wa mutum uku cewa ko jaki bai kamata a ba su ba, duka ukun suna tsaye a rana suna murmushi.

Can sai ga matarsa da fulas, ta dire shi a kan murfin wata mota ta tsaya, hannu a ƙugu. Baba ya tsiyaya ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Wannan ai ruwan lagireto ne."

"Shanye, ko in ɗura maka da mazurarin mai!"

Ya shanye, ya miƙa kofin a ƙara masa.